Kabad Mai Ƙishirwa

Ranar da Wilkin ya zo ɗaukar uwarsa don ta taya shi zaɓen kabad ɗin taba, Doña Eufemia rigar zuwa coci ta saka. Ba ta ɓoye wa kanta ba, daɗi ta ji. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun da ɗan nata ya yi arziki a harkar filaye ya koma Santiago da zama, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa neman shawararta a kan komai ba, ko da launin fentin gida ne. Yau ga shi ya tuna cewa akwai abin da uwarsa ta sani.

Ta kuwa sani. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a kan bencin naɗi a wata masana'anta da ke Tamboril tana naɗa puro, tabar nan da ganye ce zalla ciki da waje. A jerin gaba, inda ake zaunar da gwanaye, ita kaɗai ce bahaguwa. In aka tsaga ganyen rufi biyu, wato ganyen da ake naɗewa a waje, duk rabin da ya dace da hagu ita ake tara wa, saboda haka naɗinta yakan zagaya ta inda na sauran ba ya bi. Da wannan hannun ta ciyar da Wilkin, ta kai shi makaranta. Yana ƙarami yakan hana ta raka shi har bakin aji, wai tana warin taba. Yanzu kuma shi ne yake cusa hanci a cikin kwali yana lumshe ido, yana koya wa abokansa yadda ake shinshinawa.

Hannun kuwa ya tashi daga aiki. Yatsun sun kanannaɗe, gaɓoɓin sun kumbura, ko maɓallin rigar cocin nan sai da maƙwabciya ta saka mata.

Abin da ya rage mata na sana'ar yana ƙarƙashin gadonta. A masana'anta kowane mai naɗi yana da rabonsa na yini, puro uku marasa zoben takardar nan mai tambari, ya tafi da su gida. Nata mijinta ne ya yi ta shanyewa har Allah ya karɓi ransa. Amma a shekararta ta ƙarshe, da ta ji yatsun sun fara yi mata gardama, sai ta riƙa zaɓen mafi kyau tana ajiyewa, har suka kai ɗari da ashirin. Ta ɗaure su dami-dami da zare rawaya, ta jera a wani tsohon akwatin katakon sedro. Ba sha take yi ba, ba kuma sayarwa za ta yi ba. So take ya zama akwai wani abu a duniya da za a ɗauka a ce wannan hannun Eufemia ne. Damuwarta ɗaya, rufin ɗakinta ya fara yoyo, kuma daminar bara ta ga fumfuna ta kama gindin akwatin.

“Albarka, Mama,” in ji Wilkin daga cikin mota, kamar yadda kowane ɗa yake cewa in ya ga uwarsa.

“Allah ya yi maka albarka, ɗana.”

A hanya ya yi mata bayani. Tabar tasa ta yi yawa, kwalaye sun cika kuloli huɗu a ofishinsa na gida, na'urar sanyi kuma ba ta barin komai da laima. Kabad yake so babba, wanda zai ɗauki puro dubu biyu, don bai da niyyar daina tarawa. Ita kuma ta ce tunda haka ne a fara biyawa wajen Casimiro.

Casimiro kafinta ne a bayan kasuwa, tsoho mai garin katako har a gashin gira, kuma tun suna matasa suke tsokanar juna.

“Femia, ashe kina nan? Na ɗauka tuni an naɗe ki an sa a kwali.”

“Kai da gara ma ta ɗanɗana ta tofar, ina zan tafi in bar wa mutane kai?”

Ya yaye wani buhu, sai ga kabad tsayin mutum, ƙofarsa katako, ba ado ba ƙyalli. Eufemia ta buɗe ta cusa kanta ciki gaba ɗaya, ta daɗe ba ta fito ba. Sedro ne na gaske, mai kauri, ƙamshinsa a kwance, ba ya caka hanci. Ta sa Casimiro ya datse ƙofar a kan guntun takarda ya ja, takardar ta gwammace ta yage da ta zame. Ta shafa aljihunan da bayan hannu ta ji ramukan da iska za ta riƙa bi. Casimiro ya ce saura sati uku ya gama, don ba ya sakin kabad sai katakon ya sha ya ƙoshi a gabansa.

Wilkin yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗe wando.

“Mama, wannan ai akwatin gawa ne aka tsayar. Wa zai ga abin da ke ciki?”

Ta ce masa taba ba ta son ido, duhu take so da natsuwa. Ya yi dariya, ya ce wa Casimiro zai kira shi, da irin muryar da kowa ya san ba kiran da za a yi. Eufemia ta ji kunya ta rufe ta, ta fita ba ta ko rama tsokanar ƙarshe ba.

Shagon Santiago kuwa sanyi ne ya fara tarbarsu, sannan wani saurayi ɗaure da laktaye a wuya. Wilkin ya kira shi da suna, shi kuma ya yi ta yallaɓai yallaɓai, ya kai su gaban wani kabad da aka kawo daga ƙasar waje. Ƙofar gilashi ce daga sama har ƙasa, fitilu a kowane hawa, ga wani ɗan agogo a goshi mai allura da ke nuna yawan laima. Gaskiya abin ya yi kyau, in dai kallo aka zo yi.

Eufemia ta buɗe ta cusa kai.

“Kaka, a yi hankali da gilashin,” in ji saurayin.

Gam ta fara ji kafin katako. Sedron siriri ne kamar farce, an manna shi a kan wani allo, kuma a bushe yake ƙayau. Ta ciro takardar addu'o'in coci daga jakarta ta datse a ƙofa, da yatsun nan nata marasa ƙarfi ta ja, takardar ta fito sumul. Ta faɗi abin da ta gani, ba ta rage ba. Saurayin ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce ai akwai inji a ƙasa mai kula da duk wannan. Tana zagayawa baya don ta duba allon, sai ta ga farar takarda a liƙe, an rubuta sunan Wilkin da adireshin gidansa, da kwanan watan shekaranjiya.

Ashe an riga an zaɓa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta ce a zuciyarta to me aka fito da ni in yi, da rigar coci?

Amsar a mota ta zo. Wilkin ya rage rediyo, ya ce yana sane da akwatin nan na ƙarƙashin gado, kuma yana sane da yoyon rufi.

“Ki ba ni su, Mama. Su nake so su fara shiga.”

Duk ɓacin ran nan sai ya narke. Ta juya fuska wajen taga don kada ya ga idonta. Yaron da yake gudun warinta, yau shi ne yake cewa naɗinta zai riga na kowa shiga. Ta yafe masa gilashin, ta yafe masa gam, har saurayin shagon ma ta yafe masa. Amma ta kafa sharaɗi, kuma ta faɗa a fili, sau biyu.

“Sati biyu, Wilkin. Ka jera kwanukan ruwa mai tsabta a ciki, ka rufe, kada ka buɗe. Sabon katako da ƙishirwa yake zuwa. In ka sa taba kafin ya ƙoshi, ita zai sha, ya bar maka kara.”

“Na ji, Mama. Na gane sarai.”

Da suka isa Tamboril ta sa shi ya durƙusa ya jawo akwatin da kansa. Ya ce zai ajiye shi a rufe yadda yake har kabad ya shirya. A kwanakin da suka biyo baya babu wanda bai ji labari ba a layinsu, har mai kawo gas. Casimiro kaɗai ta kauce wa.

Ranar Lahadi ta biyu, kwana takwas ke nan, aka aiko mota wai ta zo cin abincin rana, Wilkin ya gayyaci abokan harkarsa. Ta yi mamakin saurin, amma ta ce ko kallon kabad kawai za a yi. Ta tarar da gida cike, ana ta ɗauko tukwanen nama da rogo, maza shida suna tsaye a ofis da kofuna a hannu. Kabad yana tsakiyar bango yana haske.

Tun daga ƙofa ta gane su, naɗinta ne. An kwance zaren rawaya, an baza su ɗaya-ɗaya a kan kowane hawa, daga sama har ƙasa, a ƙarƙashin fitilu. Ta ratsa mutanen ba ta gaishe su ba, ta buɗe ƙofar, ta ɗauki guda. Ganyen rufin ya tsage tun daga kai har gindi. Ta kai shi kusa da kunne ta ɗan murza, ya yi ƙaras-ƙaras. Ta ɗauki wani, ta ɗauki wani. Maiƙon ganyen ya tafi, ƙamshin ya tafi, kuma ta fi kowa sanin cewa ko an mayar da laima tsagewa ba ta haɗewa. Sai dai a sake rufi, hannun da zai sake kuwa ga shi nan a kanannaɗe.

“Yaushe ka sa su?”

“Ranar da aka kawo shi, Mama.”

“Na ce maka sati biyu.”

“Ai shi ya sa,” in ji Wilkin, yana magana a hankali kamar mai rarrashi. “Ke da kanki kika ce katakon zai sha taba. To ba zan zuba nawa a ciki ba yana da ƙishirwa, kin san daga inda wasu suka zo. Mai shagon ya ce in ana sauri, a fara cika shi da wadda ba a damu da ita ba, a haɗa da ruwa. Naki ba zobe, ba kwali. Kuma dubi allurar nan, saba'in cif. Sun yi aiki.”

Da a ce mantawa ya yi, da ta zage shi ta huce. Da a ce bai gane ba, da ta ce wauta ce irin ta masu kuɗi. Amma ya ji, ya gane sarai kamar yadda ya faɗa, kuma da iliminta ya yi amfani ya san abin da zai kashe. Tun ranar da ya zo da mota abin da ya zo nema ke nan.

Wilkin ya juya wajen baƙinsa. Ya buɗe kula ya ɗauko wani tsohon kwali da hannu biyu, ya ce wannan ne zai hau hawan sama. Na shekara goma sha biyar da suka wuce ne, in ji shi, da ƙyar ya samo shi wajen wani ɗan kasuwa, kuma masana sun ce irin hannun da ya naɗa waɗannan an daina haifarsa. Ya zaro guda ya ɗaga sama, zoben zinariya yana ƙyalli. Eufemia ta dubi tambarin masana'antar, sannan ta dubi ganyen. Naɗin ta hagu ya zagaya.

“Dubi ta inda naɗin ya bi,” ta ce.

Ya ɗan kalli puron, ya kalle ta, ya yi murmushi.

“Mama, abinci yana hucewa.”

Ta tambayi akwatinta. Matar Wilkin ta ce ai ganin fumfuna a gindinsa ya sa aka fitar da shi tun ranar farko, kada ya shafa wa sauran, masu kwasar shara kuma sun zo ranar Laraba. Ta kawo mata baƙar leda daga kicin. Eufemia ta tsaya gaban kabad tana kwashe su ɗaya bayan ɗaya, suna karyewa a yatsunta, ɓarɓashi yana zuba a kan rigar coci. Babu wanda ya taya ta, babu wanda ya hana ta. Tana share hawa guda, Wilkin yana goge shi da ƙyalle yana jera kwalayensa.

Da ta gama ta ɗaure bakin ledar, ta ce a mayar da ita gida, ba ta jin yunwa. Wilkin ya ce direba yana waje.

“Albarka, Mama.”

Shekara arba'in da uku yana faɗin wannan kalma, ko sau ɗaya ba ta taɓa barinta ta faɗi ƙasa ba, har ranar da ya hana ta raka shi aji. Yau ta rufe bakinta. Ta tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu, tana jira ya ji cewa ba a amsa ba, ya ɗago kai.

Bai ɗago ba. Ya riga ya juya yana nuna wa baƙi allurar.