Angon Aro

A duk ƙungiyar masu kiwon ƙoƙi-ƙoƙi ta garin Bochum a Jamus babu mai cika baki kamar Detlef Pawlak. Tun da ya ajiye tuƙin bas ya mayar da ɗakin baƙinsa gidan ƙwari, akwatunan gilashi har sama. Abin alfaharinsa ɗaya ne. Duk zuriyar daga curin ƙwai guda ta fito, kuma bai taɓa barin bare ya shiga cikinta ba. Wa ya auri ƙanwa, jika ya auri jika, tuwona maina.

Shekaru na tafiya, rabin ƙwan ya daina ƙyanƙyashewa. Waɗanda suka fito, da dama sukan maƙale wajen saɓa su mutu. Mazan kuwa fukafukansu a yamutse kamar rigar da aka kwana da ita. Detlef dai asali yake gani.

"Ku dubi natsuwa," in ji shi ran taron ƙungiya, ya ajiye wani namiji a tsakanin kofunan giya. "Ko motsi ba ya yi. Jinin sarauta ke nan."

"Wace natsuwa, Detlef? Gurgu ne," in ji Uwe, wanda ke kiwon irinsu amma yana sabunta jini duk shekara.

"Kai dai ji da 'yan tasharka marasa uba."

Da bazara ta zo, gidan sarauta ya kwanta dama, saura mace ɗaya da ya raɗa wa suna Gertrud. Ta balaga, kwanakinta ƙirgaggu ne, in ba a samo mata miji ba zuriya ta ƙare. Abin ya ci Detlef ƙwarai, har abinci ya daina shiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, sai ga shi a ƙofar Uwe.

"Namiji? A wurina? Ai ni 'yan tasha gare ni."

"Haba Uwe, a bar tone-tone."

"Faɗi dai in ji. Me kake nema?"

"Ɗan tasha," in ji Detlef can cikin maƙoshi.

Uwe ya miƙo masa wani kore shar a cikin ɗan mazubi. "Ka dawo min da shi da kansa a wuyansa. Kuma ka kula, ba irin naka ba ne."

"Ni za ka koya wa aure?"

A yi wa Detlef adalci, ya shirya. Ya ɗura wa Gertrud ƙudaje har cikinta ya yi tim, don kada ta yi kalaci da ango. Ran ɗaurin aure matarsa Hannelore ta buɗe taga a sha iska, kamar kullum. Ya ga tagar sarai. To, da me? Shekara da shekaru a haka yake aurar da su, babu angon da ya taɓa wuce bakin tebur.

Ya ɗora baƙon a kan reshe, bayan amarya. Ango ya juya kai ya ƙare mata kallo, da karkatacciyar ƙafarta da komai. Sai ya buɗe fukafukai, fir! Ya bi ta taga, ya tsallake garejin maƙwabci, ya ɓace.

Detlef ya tsaya baki buɗe, murfi a hannu. Hannelore ta leƙo da tsumman goge-goge.

"Au! Dama abubuwan nan tashi suke yi?"

Shi ma sai yanzu ya tuna. Ya dubi Gertrud, ta naɗe hannuwa tana jira, ita kaɗai a ɗakin da ya cika da akwatunan wofi. Baƙin ciki ya tokare shi har idonsa ya kawo ruwa. Waya ta hau ruri a falo, Hannelore ta ce Uwe ne, yana tambayar lafiyar ango.

Sai a lokacin Detlef ya je ya rufe tagar gam.