Rigar da Ba Ta Buɗewa ta Gaba

Rigar ta tsaya mata a gwiwar hannu, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Auta ta ɗan ƙara ɗaga hannun, sai ɗinkin da ke ƙarƙashin ƙirjinta ya ja kamar an ɗora masa garwashi. Ta saki rigar ta faɗi ƙasa, ta zauna a bakin gado tana numfashi ta baki.

Kwana biyar ke nan da yi mata tiyatar rage nono. Shekara ashirin tana guga a shagon wanki, a tsaye, nauyin ƙirji yana jan wuyanta ƙasa, igiyar rigar nono ta haƙa mata rami a kafaɗu biyu, ƙarƙashi kuma ƙuraje ba sa warkewa. Kafin ta kwanta asibiti ba abin da ba ta shirya ba. Ta sauko da tukwane daga kan kabad, ta jera matasai uku don kwanciyar rigingine, ta ɗauki hutun wata guda. Abu ɗaya ya kwanta mata: rigunanta duka ta kai ake sa su. Likita kuwa ya ja mata kunne, hannu kada ya wuce kafaɗa sai bayan sati uku, in ba haka ba ɗinki ya farke. Rigar aron da ta dawo da ita daga asibiti ruwan ciwo ya ɓata ta, tana jiƙe a bokiti. Ga shi yau ƙarfe goma za a cire mata 'yar robar da ke tsotse ruwan.

Yayarta na tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu tana kallo. Tela ce, kuma duk rigunan nan ita ta ɗinka su, manya-manya, don su rufa wa ƙanwarta asiri. Mijin Auta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna makarantar kwana, don haka jinya ta faɗa kan Yaya. Ta zo, da keken ɗinkinta da jakar kayan aikinta, amma don gudun bakin mutane ta zo.

"Yaya, don Allah ki buɗe mini wannan ta gaba. Ko maɓalli uku ne."

"Au, yanzu kin san da ni? Da za ki je a fiffige ki kamar kaza, wa kika shawarta?"

"Na gaya miki tun wata biyu."

"Gaya mini kika yi, ba ki shawarce ni ba. Abin da kika shayar da 'ya'ya biyu da shi, kika kai aka yanka aka zuba a bola. Uwarmu da su ta rayu, da su aka binne ta."

"A duƙe ta rayu, Yaya. Ke kika riƙa gasa mata baya."

"Rufe mini baki! Kin ga, jiya a shago wata ke tambayata, wai ko sabon miji ƙanwata ke nema. Ni da furfurata!"

Auta ta dubi agogon bango. Tara saura kwata.

Yaya ta shigo ta zauna gaban keken, ta ɗora ƙafa amma ba ta taka ba. "Zan ɗinka. Aikin minti goma ne. Amma sai kin faɗa da bakinki cewa kin yi kuskure. Ki ce, Yaya na yi wauta, na raina halittar Allah. Shi ke nan."

"Ban yi kuskure ba."

"To ki tafi da tawul."

Wato da kwana biyun farko ne, lokacin da ciwon ya hana Auta ko tari, da ta faɗa ta huta. Amma yau da safe ta tashi wuyanta bai riƙe ba, ta ja numfashi ya sauka har ciki, abin da rabonta da shi tun tana budurwa. Bakinta ya ƙi yi wa wannan ƙarya.

Ta miƙe a hankali, ta dafa bango ta je gaban kabad. Ta jawo ƙofar da yatsan ƙafa, ta zaro shuɗiyar rigar nan mai aiki a wuya, wadda Yaya ta yi sati guda a kanta. Ta shimfiɗa ta a gado. Sannan ta ɗauki almakashin Yaya daga kan keken.

"Ke! Ajiye mini almakashi. Ba a taɓa shi."

Auta ta kafa bakin almakashin a wuyan rigar ta fara yanka. Hannun ba ƙarfi, gwiwa a manne da haƙarƙari, don haka yankan ya tashi daga tsakiya ya yi ta karkata hagu har ya fita ta gefen ƙasa. Ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗayan, ta haɗe gaban da yatsu. Gumi ya jiƙa mata goshi. Ta sa jakar robar da ke tsotse ruwan a aljihu ta nufi ƙofa.

"Ina za ki a haka?"

"Asibiti."

"Da wannan yankan mahaukatan? Duk unguwar nan wa bai san ni ke miki ɗinki ba? Ki fita a ce hannuna ne? Dawo nan, 'yar banza, mai kunnen ƙashi!"

"Ba zan faɗa ba fa, Yaya."

"Wa ya tambaye ki? Tsaya nan."

Yaya ta cika baki da fil, ta durƙusa ta fara kama gefen daga ƙasa, tana ninkewa tana sokawa, tana zagi ta gefen baki. Yadi mai kyau, an mai da shi tsumma. Ta haura zuwa ciki, ta zo ƙirji ta sassauta hannu, ta kauce wa bandejin ba tare da ta dube shi ba. Da ta zo wuya sai ta ga tana miƙa hannu sama. Kafaɗar rigar ta zube, tana bukatar a ɗage ta a kama, ita kuwa ba ta hango ɗinkin.

Ta ja da baya ta dubi ƙanwarta daga sama har ƙasa. Shekara ashirin tana auna matar nan, kullum a ranƙwafe take, ƙeyarta take kallo daga sama.

"Wane irin takalmi kika sa?"

"Ba takalmi a ƙafata."

Yaya ta duba. Ba takalmi.

"To duƙo in kama kafaɗar, doguwar banza."

"An hana ni duƙawa."

A waje mai tasin da zai kai Auta asibiti ya danna oda sau biyu. Yaya ta yi tsaki mai tsawo, ta jawo 'yar kujerar da ke gindin gado da ƙafa, ta hau.