Sojan Bakin Ƙofa

Asibi ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, mijinta Nathaniel ma haka. A waya ya ga wasu Turawa suna tsayar da 'yan sojojin wasa a kan gindi fari fat kamar dusar ƙanƙara, abin ya shiga ransa. Kafinta ne a Birnin Gwari, gam bai yi masa wuya ba. In ya tashi daga aiki sai su baje tabarma da ɗansu Gideon, su liƙa sojan roba a kan murfin kwalba, su shafa masa wani farin kwaɓi a ƙafa, su kafa tsinken ciyawa kamar bishiyar da sanyi ya kashe. Ita tana gindin murhu, ba ta taɓa leƙa abin da suke kwaɓawa ba.

Sai ranar da Nathaniel ya hau mota zai je Kutemeshi kafa wa wani ƙofa. Aka tare motar a daji. Wasu sun dawo, shi shiru, har aka yi shuka, masara ta kai gwiwa.

Soja ɗaya ya rage ba su gama ba, yana tsaye a kan murfi tsirara. Sauran Gideon ya jera su a taga, wannan kuwa kullum sai ya ajiye shi a bakin ƙofa yana kallon hanya, shi ma ya zauna gefensa. Yaron da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ko "eh" da kai yake yi. Wannan shirun ne ke hana Asibi sukuni. An riƙe mata miji a daji, ga ɗa kuma yana gabanta yana ɓace mata kaɗan-kaɗan.

Ta ce a ranta, wataƙila in aka gama sojan nan yaron ya bar bakin ƙofa. Da ya tafi makaranta ta lalubo ragowar gam. Ta fara gwada yi wa sojan ƙanƙara da garin masara, ya yi dauɗa, kiyashi suka taru, ta kankare. Sai ta ɗauko gishiri.

Tana cikin barbaɗawa Safiyatu mai tallar nono ta yi sallama, ta sauke ƙwarya.

"Maman Gideon, miya kike yi wa ɗan mutumin nan?"

"Ƙanƙara nake yi masa."

"Da gishiri? To ki ɓoye shi kar akuyata ta ji labari, har bindigar za ta lashe. Ga damina kuma, gishiri ba ya shiri da ita."

Asibi ta yi 'yar dariya, ba ta ɗauki maganar da nauyi ba, don abin ya yi kyau, har ƙyalli yake yi.

Da Gideon ya dawo ya durƙusa gaban sojan ya daɗe. Sai ya zabura ya shiga ɗaki, ya leƙa bayan gida, ya buɗe rumfar da babansa ke aiki.

"Mama, Baba ya dawo? Ina yake?"

Muryar da ta daɗe tana nema ke nan. Gaskiya ta zo mata har baki, ta haɗiye ta.

"Zo ka ci abinci," ta ce.

Ya cinye tas, ya kuma sa ta ɗebi tuwon Baba daban ta rufe. Da yamma aka kece da ruwa, gari ya kwana da laima.

Da safe sojan na tsaye cikin ruwa, fari ya tafi sai 'yan ƙwayoyi. Asibi ta yi zaton kuka, sai ga yaro yana tsalle yana neman takalmi.

"Ta narke! Baba ya ce in ƙanƙara ta narke yaƙi ya ƙare, sojoji gida suke komawa. Bari in je tasha in taro shi."

Ta cafke hannunsa kafin ya kai ƙofa. In ta bar maganar haka, gobe ma tasha zai nufa, jibi ya bi titin da ya shiga daji. In ta faɗa, ƙila ya sake rufe baki. Ta tsuguna, ta tsoma yatsa cikin murfin, ta ɗora masa a harshe.

"Me ka ji?"

Ya yamutsa fuska. "Gishiri."

"Ni na yi. Babanka bai zo ba, ban kuma san ranar zuwansa ba. Da na sani, kai zan fara gaya wa."

Ya zare hannunsa ya shige rumfa. Asibi ta zauna a dandamali, ga kwanon tuwon jiya a rufe, ba motsin komai sai ɗigar ruwa daga kwanon rufi. Ta ce shi ke nan, da hannuna na mayar da shi cikin shirunsa.

Can sai ga shi da wani gwangwanin madara da ya ciro daga akwatin kayan aikin babansa. Bai kalle ta ba.

"Ba da gishiri ake yi ba. Sodan burodi ne. A zuba gam, a ɗiga farin fenti, sai soda har ya yi kauri."

Ta karyo tsinken tsintsiya ta fara juyawa.

"Ya yi ruwa, Mama. Ƙara. Kai, ba a kan takalminsa ba! Ke fa ba ki iya ba."

"To koya min mana, malam."

Ya koya mata, yana yi yana jan hanci. Da suka gama ta tambaye shi ko a kai sojan taga wurin 'yan uwansa. Ya girgiza kai, ya mayar da shi bakin ƙofa.

"Shi zai yi gadi. Ni na makara."

Ya rataya jaka ya bi hanyar makaranta. Asibi ta tsaya har ya sha kwana, sannan ta jawo tiren wake ta zauna kusa da sojan tana tsinta, su biyu suna fuskantar hanya.