Kukan Ƙafar Baya

Tun farkon damina ƙafar bayan keken Pogbi ta fara kuka. Ƙas, ƙas, ƙas, duk juyi sai ta yi, kuma da zarar ta ɗaure kwandon kabeji a kariya sai ta ji bayan keken yana rawa a ƙarƙashinta. Da keken nan take kai kayan lambu kasuwar Kudugu, a jikinsa 'ya'yanta suke ci.

Abin haushin shi ne keken ba nata ba ne. Na mijinta ne, Tibila, wanda ya rasu da rani, kuma a gidansu a ɗaki ake kulle kayan mamaci har sai an yi masa babban biki bayan girbi. Rawogo, yayan mijin, shi ya bar mata keken don tausayi. Amma ran da ya ji ƙarar a ƙofar gida, sai ya ɗaure fuska.

"Pogbi, ƙanena ne ke ƙorafi," in ji shi. "Da yana raye ƙafar nan ba ta taɓa kuka ba. In kasuwa ta sake ci ba ta daina ba, keke zai shiga ɗaki."

"Yaya, ƙarfe ne fa."

"Ƙarfen wa?"

Ba a ja da babban wa. Ta tura keken gindin ɗorawa wurin Drabo mai gyara, zuwa na uku ke nan. Zuwan farko ya ɗaɗɗaure wayoyin ƙafar. Na biyu ya miƙe modigad ya zuba wa sarƙa mai. Kowane zuwa sai ya kifa keken, ya wulwula ƙafar a iska, ita kuma munafuka ta yi tsit kamar ba ita ba. Ga shi Drabo ɗan ƙabilar Samo ne, ita 'yar ƙabilar Mosi, abokan wasa tun kaka da kakanni, don haka babu ranar da za ta je a yi maganar arziki.

"Baiwata ta dawo," in ji shi, yana shafa tumbi. "Yau kuma me kunnen Mosi ya jiyo?"

"Aikin banzan da bawana ya yi."

Ya kifa keken, ya wulwula ƙafar. Shiru. Ya kama tayar ya jijjiga ta hagu da dama, ko gezau. Ya dube ta yana murmushi, sai ta ji kamar ta buga masa famfon iska a ka. Babu abin da ya kai wannan ciwo, kana jin abu da kunnenka kullum, amma ka kasa nuna wa kowa.

"Ko dai yayan mijinki ya yi gaskiya?" in ji shi, ya rage murya. "Mai abu ne ke kiran abinsa."

"Kai ma? To tsayar min da shi a kan ƙafafunsa. Ba a iska nake tuƙa shi ba, da kaya nake tuƙa shi. Hau kariya."

"Ni? Sarkinki guda, mace ta goya ni a tsakiyar gari?"

"Kabejina na gida. Tumbin nan naka ya kai kwando biyu. Hau, ko in gaya wa duk kasuwa cewa Samo ba su san ƙarfe ba sai giya."

Haka Drabo ya hau yana ƙunƙuni, ƙafafu a ware. Masu sayar da gyaɗa suka bar ciniki suna dariya, wata har da guɗa. Pogbi ba ta dubi kowa ba, ta danna feda da duk haushin da ke cikinta. Ba su wuce rumfar mai shayi ba ƙafar ta buɗe baki. Ƙas, ƙas, ƙas. Bayan keken ya karkata, Drabo ya cafki sirdi.

"Tsaya, tsaya. Na ji. Ba wayoyi ba ne, daga cibiyar ƙafar take fitowa."

"Au, kunnen Mosi ne ya tsiro maka?"

Ya cire ƙafar, ya kwance noti, ya zazzage boris a tafin hannu, biyu sun farfashe. Da ya zaro sandar tsakiya sai wani siririn gwangwani ya biyo ta, an naɗe shi a inda zaren ƙarfen ya cinye. Ya siɗe har ya tsage, amma ana iya ganin jelar kifi a jikin fentin.

"Kin gani? Sandar ta daɗe da mutuwa. Wani ya yanki gwangwanin kifi ya naɗa don noti ya kama. Ba kaya, yana riƙewa. Da an ɗora nauyi sai ya zame, boris su yi ta karo." Ya juya shi a yatsunsa. "Ba aikina ba ne. Amma wanda ya yi, ya iya hannu."

Pogbi ta san hannun. Tibila bai taɓa yarda wani ya taɓa masa keke ba. Ta tuna shi a tsakar gida da almakashinta na ɗinki, tana masa faɗa zai dakushe mata shi, shi kuma yana cewa saura kaɗan. Ta karɓi gwangwanin ta ƙulle a bakin zane. Drabo ya sa sabuwar sanda, ya cika giris, kuma har ya gama bai ƙara tsokanarta ba.

Da ta miƙa wa Rawogo gwangwanin, ya daɗe yana kallon abin a tafinsa.

"Wannan Tibila ne," in ji shi. "Tun yana yaro haka yake." Ya share hanci da bayan hannu. "Hau abinki."

Washegari ta ɗaure kwando ta kama hanya. Keken ya miƙe sumul, ba rawa, ba ƙara. Ta yi nasara, ya kamata ta ji daɗi, amma ba ta ji ba. Wata da watanni tana zagin ƙarar nan, ba ta san ita ce 'yar rakiyarta ba. Har ta isa kasuwa tana kasa kunne, ƙafar ba ta ce mata komai ba.