Shimfiɗar Bayan Motar Baba

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, shi ma a lungu inda ba za a aike ni ba. In kun ga kuskure ku tsallake shi kamar kwata, kada ku tsaya dubawa.

Jiya da dare na yi wani mafarki, amma bari in fara da abin da na kwanta da shi. Babana yana da a-kori-kura, da ita muke ci. Takin zamani yake kai wa ƙauyuka daga Funtuwa, takin kuwa cin ƙarfe yake yi. Bayan motar ya yi tsatsa har ana hango titi ta wasu wuraren. Mai walda ya toshe, ya ce wannan ne na ƙarshe, in ba a shimfiɗa wani abu a kai ba ƙasan zai zube kafin damina ta wuce. Ko katako, ko roba, ko baƙin fentin nan mai kauri da ake fesawa, kuma sau ɗaya Baba zai iya saya. Sai ya ce mini, "Uwata, ke ce mai karance-karance. Ki zaɓa mana, da safe ki faɗa mini." Ni da ko atamfar sallah ban iya zaɓa wa kaina ba.

To, a mafarkin sai ga ni a wani gari ina tura motar da hannu. Ba ta da nauyi, amma haki nake yi. Ana ruwa. Daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, mutane sun juya lema sama ta koma ƙasa, suna tafe a cikinta.

A ofishin shimfiɗa wata akuya ce a kan tebur, da tabarau, tana tauna takardar wanda ya riga ni.

"Ina wuni, Hajiya," na ce.

"Lafiya. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Ta daina tauna. "A garin nan ba a faɗin haka. Tara ake ci. Sake."

"Na gaji, Hajiya."

"Yauwa. Me ke tafe da ke?"

Na ce shimfiɗa nake nema wa bayan mota. Ta ce ciki ko ƙarƙashi? Na ce ciki. Ta leƙa taga ta dubi ruwan da ke hawa, ta girgiza gemu. "Ku baƙi haka kuke. To, sai kin ji ta bakin kaya. Ba a yi wa kaya shimfiɗa a bayan idonsa."

Sai ga ni a tsakar wani fili. Duk abin da Baba ya taɓa ɗauka a motar yana zaune a kan benci, an bar mini tsakiya.

Buhun taki ne ya fara, wani tsoho mai tari. "Yarinya, ni ba zan ɓoye miki ba, ci zan yi. Ki sa katako, in bi ta tsakaninsa in ci ƙarfen a hankali ba wanda ya gani. Ba mugunta ba ce. Haka aka yi ni."

Wani rago ya miƙe. "Komai za ki sa, ban da mai santsi. Daga kasuwar Bakori har gida a kan gwiwa na zo. Wallahi ko wuƙar ba ta wahalar da ni haka ba."

"Kai rufe mana baki, kai da aka riga aka cinye!" Inna Ladiyo ce maƙwabciyarmu, wadda ta haihu a bayan motar a hanyar asibiti. "Fenti wai! Fenti shimfiɗa ne? A kan ƙarfe zalla na haifi Sagiru, har yau yaron nan in ya ga mota kuka yake."

Can ƙarshen benci Malam Ɗanjuma mai shayi ne, cikin likkafaninsa. Bara ya rasu. A unguwarmu motar Baba ce ke kai makara, ba ya karɓar ko sisi.

"Ni ba ni da ra'ayi, 'yata," ya ce a hankali. "Sai dai a kwanar gidan mai na zame, sai da mutane suka rirriƙe ni. Na ji kunya ƙwarai."

Duk suka ɗauki magana lokaci guda. Na nemi kujera in zauna, kujerar ta ce ita ma yanzu ta dawo daga aiki.

Sai ga ni a wurin lodi. Awaki suna jera buhuna a bayan motar, an riga an yi shimfiɗa ban sani ba. Na taka taya na leƙa. Baba ne. Ya kwanta rub da ciki daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya baza hannaye ya rufe wuraren da aka toshe, buhuna suna hawa bayansa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Kafin ki gama tunani ne, Uwata. Kada ki yi gaggawa. Ba nauyi."

"Don Allah ka tashi."

"In na tashi takin zai taɓa ƙarfe."

Akuyar ofis ta zo gefena tana duba shi ta saman tabarau. "Wannan ta fi duk na kasuwa," ta ce. "Ba ta santsi, ba ta ƙorafi. Illarta ɗaya, in ta ƙare ba a samun irinta."

Na buɗe baki in zaɓa, kowanne ma, don a sauke masa. Muryata ta bi ruwan ta haye sama. Aka ɗora wani buhun.

Ƙarar jan shebur a kan ƙarfe ce ta tashe ni. Gari ya waye. Na ja mayafi na fita ƙofar gida. Baba yana durƙushe a bayan motar, ya juya mini baya, yana kankare takin jiya, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Baba," na ce, "roba. Mai kaurin, wadda ake ɗagawa a wanke ƙasanta."

"To," ya ce, bai daina kankara ba. "Allah ya yi miki albarka."

Ban sani ba ko daidai na zaɓa. Kafin ya juyo ya tambaye ni a wane littafi na gani, na sulale na shige gida.