Dodon da Ya Shigo Haya

A kamfanin kowa Uwar Dodanni yake ce mata, har manaja, don shekara tara ke nan aikinta ɗaya: ita ke ƙera babban dodon da ɗan wasa zai kara da shi a ƙarshen kowane mataki na wasan bidiyonsu. Kashi uku sun shiga kasuwa, ana kan na huɗu, a nan ne kuwa tsiya ta tashi. Masu gwaji shida suka yi kwana uku suna fama da dodonta na tashar jirgin ƙasa, wani ƙaton ƙarfe mai hannu huɗu, ba wanda ya kayar da shi. Bakinsu ya zo ɗaya: ba wuya ce ta dame su ba, zalunci ne, duka yake kawowa ba sallama. Ranar Juma'a manaja ya kira ta ya ce in aka sake gwaji ranar Alhamis aka ji wannan kukan, za a ba wani aikin, ita ta koma zanen akwatuna da ganguna. Wata bakwai fa ta yi a kan dodon nan. Ta fito ranta a ɓace, idonta jawur.

Ranar Asabar da hantsi ta jona tsohuwar na'urar wasa a falo, ta ce sai ta bi kashi ukun nan daga farko ta ga inda ta saki hanya. Babanta, tsohon kafinta da ciwon gwiwa ya zaunar, yana gefe a kujerar da ya ƙera da hannunsa. Ko maɓalli ɗaya bai sani ba, amma bakinsa ba ya hutawa.

Kashi na farko hasumiyar ƙararrawa ce, zanen duk tsohon yayi, kala ba ta fi biyar ba. Amma tun daga ƙasa ƙararrawa ke lilo a hanya, sai mutum ya ƙirga uku ya wuce, in ya kai sama kuma dodon da wannan ƙirgen yake kai duka. Na biyu jirgin ruwa ne da ya nutse, da layin tsatsa a kowane bango. In dodon ya tayar da ruwa, daidai layin nan yake tsayawa, wanda ya lura ya riga ya san inda zai hau. Na uku kuwa fadar gilashi ce, kyau har ya yi yawa, sai ga wani doki mai aman wuta a tsakiyarta, ba abin da ya haɗa shi da gilashi.

Baba ya gyara zama. "Auta, na farko da na biyu 'yan gida ne, nan aka haife su. Dokin nan haya ya kama. Naki na yanzu ma ina jin ko mai gidan bai san da zuwansa ba."

Ya ce shi a shekara arba'in bai taɓa yanka ƙofa a shago ba sai ya je ya auna bakin ɗakin da kansa, sannan ya tambaye ta wa yake gina wa dodannin nata ɗakuna.

Ta san amsar, kuma ba ta yi mata daɗi ba. Mai Bango ne, mai zana wuraren da ake wasan. Lokacin kashi na ɗaya da na biyu kamfanin ɗaki guda ne a saman shagon taya, teburi ɗaya suka raba ita da shi, gwiwar hannunsu na karo. Ta leƙa zanensa ta sata, ya leƙa nata ya sata. Da arziki ya zo aka koma babban gini, aka sa masu zane a ƙasa, ita a bene, aiki ya koma tura wa juna ta kwamfuta. Bugu da ƙari, a wani taro ta kira fadarsa ta gilashi hoton kalanda. Tun ranar daga gaisuwa ba ƙari, shekara biyu cur.

Litinin da safe ta ɗauko kujerarta ta sauko da ita ta matakala, kwamfuta a hammata, mutane na kallo. Mai Bango ya dube ta ta saman tabarau ya tambaya ko ɓatan hanya ta yi.

"Matsa min," ta ce. "Maganar kalandar nan kuma ni ce da laifi. Dokina ne bai dace da gidanka ba."

Ya janye kofin shayinsa da tarin takardu. Can ya furta cewa shi bai taɓa karawa da dodonta ko sau ɗaya ba. Ita ma ta faɗi nata: kullum tsallake tasharsa take yi ta dira kai tsaye filin faɗa. Kunya ta kama su duka biyun, sai dariya ta ƙwace musu.

Suka bi matakin tare daga farko. A nan ta ga sandar shingen jirgi da ya zana don ado kawai, fitila ja ta ƙyafta sau biyu, sandar ta faɗo. Ta ce a tsaya nan. Ta mayar da hannayen dodon irin sandunan, ta dasa masa jar fitila a kafaɗa mai ƙyaftawa biyu kafin duka. Shi kuma ya jera shinge uku a hanya yadda dole mutum ya koyi duƙawa, ya karce bangon filin daidai tsayin da hannun ke shara. Kwana uku suna musu kamar harshe da haƙori, amma ba wanda ya ɗaga daga teburin.

Ranar Alhamis mai gwajin da ta fi kowa ƙorafi ce ta fara. Sau biyu dodon ya yi kaca-kaca da ita. A na uku fitila ta ƙyafta, yatsanta ya duƙar da jarumar wasan kafin ma ta yi tunani. A na biyar ƙaton ƙarfen ya zube. Ta ajiye rimot, ta sake ɗauka, ta ce a maido mata shi ta ƙara. Uwar Dodanni ta ji daɗi har ƙwalla ta cika mata ido. Manaja bai sake zancen akwatuna ba, kukansa ɗaya, kujerar nan ta tare hanya, a san yadda za a yi da ita.

Washegari sai ga Baba a ofis da sandarsa da tef ɗin awo, zai ƙera musu teburin da za su zauna tare, ya kuma ƙi a karanta masa awo ta waya. Ya sa su zauna gefe da gefe ya auna. Mai Bango ya roƙe shi ya ƙara faɗin teburin kaɗan, kada hannunsu ya riƙa karo.

"To, ɗana, na ji," in ji Baba.

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya rage taƙi ɗaya daga abin da ya auna, ya rubuta.