Cokalin Honor

Duk shekara, Lahadin farko ta watan Agusta, mutanen ƙauyen kan taru a maƙabartar da ke bayan coci, kowane gida ya kewaye kabarin kakanninsa, Fada ya bi layi-layi yana yayyafa ruwan tsarki. Wai ranar addu'a ce. Amma duk wanda ya tashi a yankin Leitrim na ƙasar Ireland ya san rana ce ta ƙirga kawuna.

Gidan McTernan sukan zo su arba'in da ɗoriya, daga Dublin, daga Landan, har da jarirai a kekuna. Gidan Gilhooly kuwa mutum biyu ne rak: Una, tsohuwar malamar makaranta mai shekara sittin da tara, da yayanta Malachy, wanda shanunsa suka ishe shi iyali. Ba wanda ya taɓa aure a cikinsu. Bara, ana watsewa, Philomena McTernan ta dafa kafaɗar Una ta ce, "Ai ku kun huta, Una, ba mai taka muku ƙafa."

Maganar nan ta tsaya wa Una a maƙogwaro. Ba gorin ne ya fi ci mata rai ba, gaskiyar da ke cikinsa ce. Ran da ita da Malachy suka kwanta dama, wa zai cire ciyawar kabarin, wa zai tsaya Fada ya same shi a wurin? Wannan tsoron ne ya zaunar da ita gaban kwamfuta tsawon damina da sanyi, tana tonon takardun baftisma da na ƙidayar jama'a, har teburin cin abinci ya ɓace a ƙarƙashin takardu, Malachy ya koma cin dankalinsa a kan cinya.

"Matattu kike nema ko masu rai?" in ji shi.

"Ta wurin matattun ake samun masu ran, sarkin shanu."

Ta kuwa samu. Kakar mahaifinsu, Honor Gilhooly, tana da 'yar auta, Sabina, wadda ta hau jirgin ruwa a 1912 ta nufi New Zealand, daga nan labarinta ya yanke. Sai ga wani Desmond Keaveney a garin Dunedin ya sa cigiya a intanet: kakarsa Sabina ce, 'yar wata Honor Gilhooly ta Leitrim, kuma shi da iyalinsa za su zo Ireland a wannan Agustan neman asalinsu. Su goma sha ɗaya!

Una ta yi ihu har kare ya bar ɗakin. Ta rungumi Malachy da ƙamshin turkensa, ta zuba gishiri a shayi ta shanye ba ta ji ba. Washegari ta sayo fenti ta shafe ƙofar gida, ta aro kujeru, kuma, kaico, ta tare Philomena a kanti ta ce mata, "Bana sai ku ɗan matsa mana, muna da baƙi." Ga ta da ilimi, amma murna ta sa ta riga malam masallaci.

Kwana uku bayan haka saƙon Desmond ya iso. Ya duba takardar baftismar da ta aika masa, yana mai baƙin cikin cewa ba Honor ɗaya suke magana a kai ba. Ta Una an haife ta a 1849. Tasu kuwa 1838 ce, ba tantama. Za su nemi danginsu a wata gundumar.

Una ta karanta sau uku. Ta dubi ƙofar da fentinta bai gama bushewa ba, ta ji kunya ta rufe ta tun kafin Philomena ta ji labari. Amma da yake ba ta iya karɓar maki a rubuce ba tare da ganin aikin ba, ta roƙe shi su yi magana ido da ido ta kwamfuta.

Da hantsi suka haɗu. Desmond dattijo ne mai tabarau, mai ladabi har ya yi yawa. Malachy yana can gefe bakin murhu, yana damun abincin maruƙa a bokiti.

"Malama Gilhooly, ki gafarce ni," in ji Desmond. "Ba don takarda nake musu ba. Honor ɗinmu kowa a zuriyarmu ya san labarinta. A Daren Babbar Iska, cikin Janairun 1839, tana jaririya, iska ta yaye rufin gidansu ta sure ta daga gadonta, ta yi sama da ita. Taku kuwa a lokacin ko cikinta ba a yi ba."

Damun ya tsaya.

"Ta kuma dire ta a gonar kabejin bazawara Rooney," in ji Malachy daga bakin murhu, "ko ƙwarzane babu, da cokali a hannunta."

Desmond ya matso har hancinsa ya cika allon. "Wane ne wannan? Wa ya gaya masa zancen cokali?"

Malachy ya sunkuya kan bokitin. Dariya ta riga ta naɗe shi, yana buga cinya, hawaye na bin kumatunsa.

"Malachy Gilhooly," in ji Una, da muryar da take tsayar da aji, "in ba ka yi magana yanzu ba, na rantse bokitin nan zan kifa maka a ka."

"Ke da kike ta karatun takardu," ya ce yana haki, "da kin zauna gindin kaka kamar ni, da kin huta. Fansho ne, Una! Fansho!"

Sai ya warware musu. Lokacin da gwamnati ta fara ba tsofaffi fansho a 1909, sai mai shekara saba'in, kuma mutanen wancan zamanin ba su da takardar haihuwa ta hukuma. To sai ma'aikacin fanshon ya riƙa tambaya, ko ka tuna Daren Babbar Iska? Nan take rabin ƙauyen suka tsufa. Honor tana da sittin cif, tana iya ɗaukar buhun dankali, amma ta yafa baƙin mayafi, ta aro sanda, ta lanƙwasa cokali a jikin ƙofa, ta je ta ajiye wa mutumin a tebur ta ce ga abin da iska ta yi wa cokalin da ke hannunta. Ya rubuta mata saba'in da ɗaya, har ya taimaka mata ta sauka matakala.

"Ƙarya ce ke nan?" in ji Desmond a hankali. "Ƙanwata ta sa an zana hoton abin, yana falonta. Jaririya a sama, ga kabeji a ƙasa."

"Ƙarya ce tsagwaronta, ɗan'uwa. Amma ƙaryar gidanmu ce, ba ta wani ba."

Una ta riƙe numfashi. Yanzu ne mutumin zai ji haushi ya kashe kwamfuta, ta ce a ranta, an rushe masa kaka a minti biyar. Ta buɗo ƙidayar 1901 da ta 1911, ta nuna masa: gida ɗaya, miji ɗaya, 'ya'ya ɗaya, amma matar gidan ta tashi daga hamsin da biyu ta dira saba'in da uku. Ita da kanta ta ga wannan tun cikin sanyi, ta ɗauka kuskuren mai rubutu ne, har ta yi masa tsaki.

Desmond ya cire tabarau ya goge. "Cokalin fa? Kakata ta ce ya ɓace."

Malachy ya dubi hannunsa. Ya zaro abin da yake damu da shi daga bokiti, tsohon cokali baƙi, wuyansa a karkace, abincin maruƙa na ɗiga daga jikinsa, ya ɗaga shi gaban allon.

"Shekara hamsin nake damu da shi," ya ce. "Lanƙwasar tana kaiwa gindin bokiti."

Wata irin ƙara Desmond ya yi, tsakanin kuka da dariya, ya juya yana ƙwala wa mutanen gidansa kira. Kafin ka ce kwabo allon ya cika da fuskoki, kowa na magana, ba mai jin wani. Una ta duba ta ga haɓar mahaifinta a fuska huɗu. Ta fizge cokalin daga hannun Malachy ta sumbace shi da dattinsa, ta yi rawa ta kewaye tebur, takardun shekara guda suka zube ƙasa ba ta ko waiwaya ba.

Ranar Lahadin suka zo, su goma sha ɗaya kamar yadda aka ce, har da jikar Desmond, jaririya 'yar wata bakwai. Kabarin Gilhooly ƙarami ne, ba a yi shi don taro ba, sai da suka ɗan ci iyakar McTernan. Philomena ta matsa, bakinta a tsuke. An wanke cokalin an ɗora shi a kan dutsen kabarin, wanda ba a taɓa rubuta shekaru a jikinsa ba, abin da Malachy ya ce shi ne hikimar ƙarshe ta marigayiya Honor.

Fada yana isowa layinsu iska ta taso daga tafki, ta ɗaga masa riga, ta kwashe hular wani.

"Ku riƙe yarinyar nan da kyau!" Malachy ya daka tsawa. "'Yan gidanmu tashi suke yi!"

Dariya ta ɓarke a tsakiyar addu'a, har Fada ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. A cikin turereniyar, ɗan Desmond, wani ƙato mai takalmin hawan dutse, ya ja da baya ya sauke dunduniyarsa a kan yatsun Una. Zafin ya kai mata har ƙwaƙwalwa.

"Wayyo, Anti, yi haƙuri!" ya ce, zai janye.

Una ta riƙe hannun rigarsa, hawaye na zuba, tana dariya.

"Tsaya inda kake, ɗana," ta ce. "Shekara nawa ina jira."